Motar da Ke Jan Hagu

Taya ta huɗu ke nan da direban ya canza cikin sati biyu, duk na gwanjo, amma motar tana nan da halinta. Da ta hau kwalta sai ta riƙa jan hagu kamar akuyar da ta hango dusa.

Shugaban tasha ya ba shi zuwa Litinin. Fasinjoji sun kai ƙara, wata mata ma ta rantse saura ƙiris ya zuba su a kwalbati. In motar ba ta miƙe ba za a cire shi daga layi, layin da ya shekara ashirin da shida yana ci da iyalinsa.

Ba shi da halin sayen sababbin kaya, sai dabara. Ya sa mai faci ya daidaita iskar tayoyi. Ya kai aka saita ƙafafun gaba. Ya rabu da rediyon motar ya sayo shok na hannu, ƙarfen rage girgizar mota. Duk a banza, wai an yi wa kare wanka.

Ya zama kamar kububuwa a gida. Ranar Asabar kofin shayi ya suɓuce masa ya fashe, ya balbale matarsa da faɗa, wai ita ta cika shi har baki. Ta share wurin, ta sa masa maɓallin hannun rigarsa na dama, kamar yadda take yi kwanan nan.

Sauran haushin a kan bakanike ya sauke shi, abokinsa tun suna samari, kuma a gaban jama'a.

"Kai ma ka koma cuta? Tsohon ƙarfen kake mayar min ka ce ka canza!"

Maganar ta yi wa bakaniken ciwo, amma ya haɗiye. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yaya, sau uku na zaga da ita. Mu je ka tuƙa, ni in zauna a gefe."

Suka hau miƙaƙƙen titin bayan gareji, babu kowa. Ba su yi nisa ba motar ta fara karkata.

"Ka gani ko? Sai ka ce ƙarya nake!"

Bakaniken ba titi yake kallo ba. A hankali ya ce, "Riƙe da dama kawai, Yaya. Sauke ɗayan."

Direban ya ja tsaki. Ya so ya ɗaga hannun, bai ɗagu ba, sai dai ya zame daga sitiyari ya faɗo kan cinyarsa.

Nan take motar ta miƙe samɓal. Lafiyarta ƙalau: hannunsa na hagu ne ya fara mutuwa, shi kuwa babu mai sayar da na gwanjo.