Yadda Ake Zama a Legas

Abin da ya fi ɗaure wa Nababa kai shi ne batun ruwa.

"Har na wanka?" ya sake tambaya. "Mutum ya sayi ruwan wanka?"

"Har na alwala," in ji Malam Nu'uman. "Mai kura zai kawo maka jarka har ƙofa, ka biya shi."

Suna zaune a inuwar wata ɗorawa, kamar yadda suka saba bayan azahar. Nu'uman tela ne, ya daɗe a Agege ta Legas, farkon damina ya taho ganin tsohuwarsa a Tabanni. Nababa kuwa ko Kaduna bai taɓa zuwa ba. Magidanci ne, an haife shi a gefen dajin Birnin Gwari, nan ya yi aure, nan ya haifi 'ya'yansa. Amma ya gaji da wurin, kuma tun ranar da ya ji inda Nu'uman yake zama, ya maƙale masa da tambaya.

Nu'uman bai ɓoye masa komai ba. Ya gaya masa yadda gidan haya yake: ɗakuna na kallon juna, banɗaki ɗaya, kowa da bokitinsa a layi. Ba a girki da itace, matar Nababa, Ma'u, sai ta koyi risho ko gas, a lungun ƙofar ɗaki. Tuwon dawa sai an yi marmari, garin rogo da burodi ne abin yau da gobe. Motar haya ba ta gama tsayawa, da gudu ake kama ta. In ka tsaya gaida kowa a titi, za a ɗauka bara kake yi.

"To wa ke tambayarka daga ina kake?"

"Babu. Kowa ta kansa yake yi."

Wannan amsar ta yi wa Nababa daɗi ƙwarai. Ya miƙa wa Nu'uman sauran ruwan gorarsa.

Nu'uman ya koyi auna magana. Ranar da Nababa ya tambayi inda ake ɗaure shanu a Legas, dariya ta kuɓuce masa. Fuskar mutumin ta sauya, ya tashi ya tafi, washegari ma bai zo ba. Tun daga nan Nu'uman bai ƙara ba.

Abin da ke cin ransa daban ne. Duk abin da ya tsana a garin nan, cunkoso, warin kwata, ƙarar janareta, yanzu yana faɗarsu yana kewarsu. Sai ya riƙa ganin kekensa na ɗinki a lulluɓe, da matarsa Zakiyya a bakin shago tana ba masu kaya haƙuri. Rigar da ya ɗinka wa kansa don wannan tafiya har ta yi masa yawa.

Yau dai ya yi ta maza.

"Nababa, baƙo ba ya iya garin nan shi kaɗai. Mu tafi tare. Akwai wurin kwana a bayan shagona, na san masu ba da babur na acaɓa. Wallahi ba wanda zai ji komai daga bakina."

Nababa ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke.

"Ba ni ke da ta cewa ba, Malam," ya ce a hankali. "Gobe dai ka gaya mini yadda ake sa yara makaranta a can."

Ya miƙe, ya rataya bindigarsa, sannan ya duƙa ya jijjiga kwaɗon sarƙar da ke ƙafar Nu'uman, ya tabbatar a kulle yake.