Kowa da Ranarsa a Sinimar Clotilde

Doña Clotilde tana jera kofunan gahawa, da yatsa ɗaya naɗe da tsumma, lokacin da aka taso daga coci. Ta san mutum biyu za su shigo shagon da ke ƙofar sinimarta: mai riƙe da lasisinta, da mai ɗakin da take haya.

A garinmu 'yan jam'iyyar shuɗi ranar Juma'a suke kallon fim, 'yan jam'iyyar ja ranar Asabar. Ita ta kafa dokar, tun shekarar da aka kakkarya mata kujeru a kan wani fim ɗin yaƙi. Magajin gari, Don Anselmo Quintero, ɗan shuɗi ne har safarsa, shi ke sa hannu a lasisi. Ɗakin kuwa na ƙungiyar masu tsinkar gahawa ne, shugabanta Efraín Loaiza ɗan ja, taubashin magajin garin.

Da labari ya zo cewa sabon fim ɗin a kan rigimar gona ne, kowannensu ya aiko mata da saƙo iri ɗaya: in fim ɗin ya taɓa ɓangarensa, ta nemi wata sana'a. Matar ta ba sittin baya, majigin nan kaɗai mijinta ya bar mata, kuma shi kaɗai ta iya. Tsoro ya hana ta cin abinci ranar Alhamis.

Don Anselmo ne ya fara shigowa, ya cire hula ya sumbaci hannunta, abin da bai taɓa yi ba.

"Doña, wannan fim a kai shi makarantu," in ji shi. "Me ya faru da yatsarki?"

"Almakashi," in ji ta, ta zuba masa gahawa.

Efraín ya shigo yana washe baki, ya ja kujera.

"Ranka ya daɗe, ashe kana raye? Na zata fim ɗin Doña ya kwantar da kai."

"Ni? Kai nake tausayi, taubashi. An nuna ku kuna ƙona gidan mai gona kamar mahaukata."

"An ƙona shi kuwa, ya ci har toka."

"Aka sake gina shi, ya fi da kyau."

Efraín ya yi dariya har ya ƙware. A ganinsa halin masu kuɗi ke nan: a ƙona musu gida a gabansu, su ce gyara ake yi. Clotilde ta tura musu wainar masara, ko bakinsu zai sami abin yi. Suka ci, suka ci gaba.

Don Anselmo ya ce darasin fim ɗin a fili yake: talaka ya gwada tawaye, ya sha yunwa, ya dawo hankalinsa. Ya kawo misali da matar nan mai jan gyale. Lokacin tarzoma duk ta yamutse, amma da ta koma ƙarƙashin mai gona sai ta yi sumul, har ta koma yarinya. Zaman lafiya ke yin haka, in ji shi.

Efraín ya ce aikin mai gonar ne ya tsufar da ita, kowa ya gani. Ya kuma tuna masa shugaban leburori mai gashin baki, wanda ke dukan mutane da bulala.

"Harsashi ɗaya a ƙirji, aka huta."

"Ya warke," in ji Don Anselmo. "Da idona na gan shi yana rawa a bikin girbi."

"Da ya yi rawar ai bai san abin da ke jiransa ba."

"Abin da ke jiransa naman gashi ne da giya."

Efraín ya ajiye wainar. Ya daina dariya. Ya kalli taubashinsa, ya juya ya kalli Clotilde, wadda ke goge kofin da ta riga ta goge.

"Doña, ko dai wannan mutumin barci ya yi, ko ni. A sa mana fim ɗin yau, mu biyu, kujera kusa da kujera."

"Na yarda," in ji magajin gari. "Wanda ya yi ƙarya ya biya wa gari giya."

Clotilde ta ajiye kofin. Ta ce ai ta so, amma motar safe ta koma da fim ɗin birni, wani gari na jira.

Suka yi tsaki tare. Don Anselmo ya ce ba komai, shi ya san abin da ya gani, gobe ta aiko a sa mata hannu a lasisi. Efraín ya ce shi ma ya san abin da ya gani, kuma ƙungiya za ta gyara mata rufin da ke yoyo, don mace mai ƙarfin halin nuna wa 'yan shuɗi irin wannan fim ta cancanta. Suka fita suna musu a kan wani jaki na cikin fim ɗin, ko ya mutu ko bai mutu ba.

Sai da muryoyinsu suka yi nisa ta sunkuya ta jawo gwangwanaye biyu na fim ɗin, rabin farko da rabin ƙarshe, daga ƙarƙashin kantar shagon, inda ta taka su da ƙafa tun safe. Motar ba za ta tashi ba sai azahar. Ta duba ta tabbata sunan fim da kalmar "ƙarshe" sun koma inda ta yanko su, ta ɗaure gwangwanayen da igiya: na ɗaya, wanda ta fara sa wa 'yan ja ranar Asabar, da na biyu, wanda ta fara sa wa 'yan shuɗi ranar Juma'a.