Gida Na Bakwai

Ban yi makaranta ba. Abin da na riƙe, a ka na riƙe shi.

Garinmu ƙarami ne, can bayan Kumbashi, amma an san mu da mawaƙa. Kakana ne na ƙarshensu. Akwai waƙar da yake yi ranar gayya, kowane gida da baitinsa, tun daga bakin rafi har ƙarshen gari. Ko maigida ya mutu, ba a cire sunansa.

Wata la'asar yana zaune a ƙofar gida, yana buga bakin galma da dutse. Ana dafa man kaɗe a ciki, ƙamshin ya cika ko'ina.

Ya ce, "Zo nan, amaryata, ki karɓi waƙar nan."

Na ce, "Wa zai auri mai haƙori biyu? Ka bari sai gobe, tsoho, ƙawayena na jira."

Ya yi dariya, ya riƙe mini hannu. Da ƙyar na karɓi baitin gida shida, na zame na gudu. Na ji shi a bayana yana cewa, "Garin da aka daina kiran mutanensa, ya riga ya tashi."

Damina ba ta fita ba ya rasu. Daga baya ɓarayin daji suka watsa mu.

Yanzu itace nake sayarwa a Kontagora. Rannan jikata ta tambaye ni su wa ke garinmu. Na ɗauko waƙar, a gida na shida na tsaya.

Namu ne na bakwai.