Ruwan Zafin Likita Fadilu

Kafin a taɓa wuta, sai an cika tanki. Abin da Likita Fadilu ya fara koya wa Mainasara ke nan ranar da aka ɗauke shi gadin karaban, wato ɗan gida mai taya da motar masu allurar shanu ke ja daga rugga zuwa rugga. A ƙarƙashin bencin ciki akwai shofo, ƙaramar tukunyar ƙarfe mai dafa ruwa da gaz. In aka kunna shi babu ruwa, ya ƙone. In aka buɗe gaz ba a kunna ba, sai labari.

Mainasara bai taɓa kuskure ba. Ya taka famfo har ruwa ya zubo ba tari, ya fita ya cire murfin hayaƙi, ya murɗa kan butel, wato tulun gaz, ya danna maɓalli har ya ji ƙas, ƙas, ya ƙirga ashirin. 'Yar tagar da ake leƙen harshen wuta ta daɗe da yin baƙi, amma ba ya buƙatarta. Ruwa yana yin zafi, shi ke nan.

Likita da mutanensa sun tafi Kelle, sun bar shi a bakin garin Gure. Kowace rana suna iya dawowa, ga ɗari, ga allurai da za a wanke.

Ranar Talata ya shiga da wuri, daga sallar asuba. Ya taka famfo, ruwa ya zubo masa a hannu da ɗumi. Bai kunna komai ba tukuna.

Ya durƙusa ya taɓa shofo, sanyi ƙalau. Ya fita ya zagaya. Kaji na tono a gindin tayoyin da yashi ya haɗiye rabinsu. Daga bakin tanki, sawun ƙafa ya miƙe ya bi bayan karaban. Sawun mace ne, ba takalmi.

Laraba ma haka. Ranar Alhamis ya hango gefen zani shuɗi yana shigewa kwana, ya ji ƙanshin turaren wuta irin na Barebari, wanda rabonsa da shi tun rasuwar matarsa Rumasa'u. Shi da kansa ya sa ta a kabari, damina biyu da suka wuce. Ta bar masa 'ya ɗaya, Salamatu, mai shekara bakwai.

Bai faɗa wa kowa ba. Wa zai bar wa mai ganin matattu butel ɗin gaz? Amma ya daina cin abinci. Yana jin muryoyin yara kusa da shi, alhali nan daji ne, babu gida ko ɗaya. Wani lokaci in ya ɗaga kai sai ya ga katanga inda ya san fili ne har tudun yashi.

Ranar Juma'a, da gari ya fara wayewa, ya shige karaban ya ja labule, ya bar kafar ido. Ashana na hannunsa. Ya ji an ce matattu ba sa son wuta.

Ta zo a hankali, tana riƙe da babbar buta mai tururi da tsumma. Ta buɗe bakin tanki ta fara zubawa. Tsayinta ne, wuyanta ne, har yadda take cije leɓe in abu ya yi mata nauyi.

Ya lallaɓa ya murɗa gaz har ƙarshe, ya tura ƙofa, yana karanta Ayatul Kursiyyu da muryar da shi kansa bai gane ba.

"Rumasa'u."

Ta juyo. Ba ta ɓace ba. Ta kalli ashanar, ta kalli fuskarsa, ta ajiye buta a ƙasa.

"Na san ke ce," in ji shi. "Me kike nema? In hakkinki ne a kaina, ki yafe mini. Da ina gari ranar nan da na kai ki asibiti." Tsinken ashana na kaskas a jikin kwali. "In kuma Salamatu kika zo ɗauka, don Allah ki bar mini ita. Yarinya ce. Ita kaɗai gare ni. Ni ki ɗauke ni."

Hawaye suka zubo mata. Ta matso, ta kama hannunsa. Tafinta da ɗumi, kamar na mai rai. Ta zare ashanar daga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wanda zai taɓa Salamatu," ta ce. "Tana nan lafiya. Zo ka sha kunu, ruwan Likita ya yi zafi."

Ya bi ta kamar rago. Ta zaunar da shi a tabarma inda rana ta fara sauka, ta lulluɓe masa kafaɗu da bargo, ta tsaya har ya kai ludayi baki.

A ƙofar ɗaki mijinta Abatcha yana tsaye da carbi.

"Gaz ya buɗe?"

"Butel ɗin da ba komai a ciki tun bara waccan?" Ta share ido da bakin mayafi. "Shekara ashirin da biyar da tafiyar masu allura, har gari ya zo ya kewaye shi, shi yana jiran su dawo daga Kelle. Duk wannan na saba. Amma yau, Abatcha, Baba ya dube ni ido da ido, ya kira ni da sunan Inna, yana roƙona kada in ɗauke masa ni."