Injin da Ghali Ya Ce Kamar Sabo Ne

Ghali ya wanke injin ban ruwansa tas, ya goge shi har yana ƙyalli, ya ɗauke shi hoto a ƙofar gidansu a Kafin Maiyaki. Sai ya saka a zauren gwanjo na waya, inda ake taya kaya, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A ƙasan hoton ya rubuta: "Lafiya lau, kamar sabo."

Injin nan yana da wani hali. In ya ɗauki zafi sai ya mutu, sai an bar shi an lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu ya huce. Ghali ya saba da haka tun yana noman rani a bakin tafkin Bagauda, har ya daina ganinsa aibu. Ƙanwarsa Shamsiyya ta ce ya faɗi maganar buhun. Ya ce in ya faɗa, wa zai taya?

Malam Ɗanasabe na Doguwa ne ya fi kowa tayi, don dashen tumatirinsa na jiran ruwa. Ghali ya kai injin tasha aka ɗora a mota. Ko tayar da shi bai yi ba ya ɗauki bidiyo.

Washegari wayar Ghali ta yi ƙara, Malam Ɗanasabe ne.

"Samari, wannan ne kamar sabon naka?"

"Baba, ai buhu za ka jiƙa masa."

"Wane buhu? A ina ka rubuta buhu?"

Ashe Malam ya yi ta tayar da injin yana mutuwa, yana sake jan igiyar, har injin ya ƙone. Kafin ya samu na aro, dashen ya bushe. Ya ɗauki bidiyon gonar ya watsa a zaure.

Ghali ya yi ta rantsuwa cewa lafiya injin ya bar hannunsa. Shugaban zaure ya ce ya kawo shaida. Babu. Aka sa ya mayar da kuɗin, aka cire shi daga zauren, aka dawo masa da ƙonannen ƙarfe.

Yanzu in ya ratsa kasuwa, 'yan acaɓa sai su ɗaga murya: "Kamar Sabo, yau me ake gwanjo?" Ko buta ya ɗauko, ba mai tayawa.

Jama'a, in za ku sayar da tsohon kaya a waya, ku faɗi aibunsa kafin a taya, ku nuna shi yana aiki kafin ku tura. Abin da kuka saba da shi, mai saye bai san shi ba.