Fuskata a Bangon Coci

Da fada, limamin cocinmu, ya yaye mayafin da ya rufe bangon coci, sai jama'a suka juyo suna kallona.

Aikin ƙarshe ne na aminina mai zane, wanda muka binne makon jiya. Wata uku ina barin gashin burodi ina zauna masa yana zana ni. "Kar ka motsa, mutumina," yake cewa, "manzo Bitrus zan mai da kai."

Ga Almasihu da manzanninsa a jibin ƙarshe. Ga ni can gefe, da karkataccen hancina da tabon ƙuna a hannu. Ni ne Yahuza, maci amanar Almasihu.

"Mai burodi, ashe kai ka sayar da shi!" in ji mahauci. Aka kwashe da dariya.

"Fada, a goge!" na ce.

"A kan ɗanyen shafe ya zana, ɗana. Sai dai a rushe bangon, kuma har daga Roma za a zo kallo."

Shekara arba'in aminina yana cin burodina. Me na yi masa? Na ɗaga kai don kada a ga hawayena, sai ga zanen Maryamu, uwar Almasihu, a saman bagade, teburin ibada. Fuskar matata ce, sak yadda take ranar da na riga shi neman aurenta.