Wa Ya Kwarzane Motar Torleif?

Da safiyar Laraba Torleif ya fito da tsumma zai goge motarsa, sai ya tarar an kwarzane ta. Layi ɗaya ne, tun daga fitilar gaba har ƙofar baya, miƙe sambal, kuma a gefen da ke kallon titi.

Motar kuwa ba ta wasa ba ce. Shuɗiya, doguwa, mai kujerun fata. Ya saye ta ne bayan ya sayar da kasonsa na kamfanin kiwon kifi. To, a garinmu na bakin tekun Norway, ka tara dukiya iya son ranka, ba mai hana ka, amma kada ka kuskura a gani. Mai jiragen kamun kifi uku ma a kan keke yake zuwa coci, rigar sanyinsa da faci a gwiwar hannu.

Da ya sayo motar, ba wanda ya ce wa Torleif uffan, mu ba ma haka. Gaisuwa ce dai ta gajarce. Oddvar, maƙwabcinsa kuma abokin kamun kifinsa tun suna samari, ya zagaya motar ya ce, "Duk kuɗin nan, ashe taya huɗu ce irin tawa." Daga ranar bai ƙara kiransa teku ba.

Matan da ke zuwa shan kofi duk Juma'a wurin Gunvor, matar Torleif, su ma sai ciwon baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gunvor tsohuwar tela ce, rabin amaren garin nan ita ta yanka musu riga. Ga shi ranar Lahadi za ta cika shekara saba'in. Ta gayyaci kowa, kowa ya ce, "Za mu gani." Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ta ci gaba da gasa kek.

A safiyar Larabar nan, Torleif ya faɗo ɗaki yana huci. "Hassada ce tsagwaronta! Oddvar ne, na rantse!"

Gunvor ba ta ko ɗago daga keken ɗinki ba. "Haba tsoho, sha kofinka. Ai bai yi zurfi ba, ba za ta yi tsatsa ba."

"Tsatsa ce ta dame ni? Ran Asabar wurin aikin gayya, a gaban kowa zan tona masa asiri. Abotar ta mutu, a binne ta!"

"To ka tafi da motar, ka ajiye ta inda kowa zai gani," in ji ta. "Sai dai ka bari shi ya fara magana."

Torleif ya ji daɗi, ya ce a ransa yau ga mace mai goyon bayan mijinta.

Ran Asabar gari ya fito fentin rumfar jiragen ruwa, likita da mai shara kowa da burushinsa. Torleif ya faka a tsakiyar fili, ya fito ya harɗe hannu, maganganun da ya kwana uku yana wasawa suna bakinsa.

Borghild, ɗaya daga cikin masu ciwon bayan nan, ce ta fara gani. Ta dafe ƙirji. "Wayyo, Allah sarki Torleif! Sabuwar mota!"

Kafin ka ce kwabo an yar da burushi an kewaye motar. Ban taɓa ganin tausayi ya yi wa fuskoki kyau irin na ranar ba. Wannan ya ba da labarin yadda barewa ta lotsa masa gaban mota, wancan ya ce tasa ƙofar ma da igiya yake ɗaure ta.

Oddvar ya durƙusa, ya bi layin da babban yatsa. Torleif ya ja numfashi, ya buɗe baki.

"Wane mara imani ne ya yi maka wannan?" in ji Oddvar. Idonsa har ya kaɗa. Ya miƙe ya zuba kofi a murfin fulas ya miƙa masa. "Kifi na ci kwanan nan, malalaci. Litinin mu fita. A motarka za mu je tashar jiragen ruwa, tunda yanzu ta zama mota."

Torleif ya haɗiye jawabinsa tare da kofin. Kunya ta kama shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ran Lahadi, ranar bikin Gunvor, an ɗaga tuta a ƙofar gidan, takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa har ba wurin taka ƙafa. Ciwon bayan kowa ya warke sarai. Aka ci kek, aka yi waƙa, Gunvor sai dariya take har da hawaye.

Torleif ya ce jibi zai kai motar wurin mai fenti.

"Bar ta haka," in ji Oddvar. "Ta fi kama da ta mutanen kirki."

"To na bar ta. Amma ko wane ne ya yi, hannunsa ba ya rawa. Ka ga layin nan kuwa?"

Borghild na ta fama da zaren da ta ɗaure kyautarta da shi, ya ƙi kwancewa. "Gunvor, ara mini almakashinki mana."

Gunvor ta shiga ɗakin ɗinki ta ɗauko babban. Kafin ta fito, ta tsaya a bayan ƙofa, ta kama gefen rigarta, ta goge ɗan shuɗin fentin da ya rage a tsininsa.